Tambaya da Amsa: Idan Ƙyallen Iskan Ƙaramin Jirgi Ya Tsufa

Tun da hunturu ya kankama, wasiƙun masu jiragen ruwa suka fara shigowa, kuma yawancinsu a kan ƙyallen iska ne, wato zanen da ake ɗagawa a jirgi don iska ta tura shi: wane ne zai ɗinka, da wane yadi, kuma yaushe ake haƙura da tsoho. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ranku shi daɗe, ina da ɗan jirgin faiba mai tsawon mita 5 da na sawo na hannu daga Legas, ina shiga da shi madatsar ruwa ta Goronyo. Ƙyallensa biyu ne, babba da ƙarami na gaba. Babu inda suka yage, amma jirgin ya cika karkacewa, kuma in na nufi wajen da iska ke fitowa ba ya ci gaba. Ƙyallen ne ko jirgin? Daga wani mai karatu, Goronyo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamun da ka kawo na ƙyallen da ya saki ne. Rashin yagewa ba shaidar lafiya ba ce, domin siffar ƙyalle takan mutu tun kafin yadinsa ya mutu.

Ƙyallen iska ba a shimfiɗe yake ba. An yanka shi ne da ciki, kuma wurin da cikin ya fi zurfi shi ne ke raba ƙarfin iska tsakanin tura jirgi gaba da kwantar da shi gefe. A sabon babban ƙyalle, zurfin yana zama wajen kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na faɗinsa idan aka auna daga sandar tsaye, wato doguwar sandar da ke ɗauke da ƙyallen. A ƙaramin na gaba yakan ɗan fi matsowa gaba. Shekara da shekaru iska na jan yadin, zaren saƙarsa na miƙewa, garin roba da aka daddale shi da shi a masana'anta na karkaɗewa, sai cikin ya ƙara zurfi ya zame baya, kamar tsohon wando da ya yi gwiwa. Daga nan iska ba ta fita sumul ta gefen baya, sai ta taru a ciki ta danne jirgin. Shi ya sa yake karkacewa, shi ya sa kuma yake ta neman juya hancinsa wajen iska har hannunka ya gaji da jan sandar tuƙi.

Gwajin ba wuya. Ran da iska ke kadawa daidai-wa-daida, ka ɗaure ƙyallen kamar za ka tunkari iska, wani ya kwanta ƙarƙashin sandar kwance ya ɗauki hoto da waya yana kallon sama. A hoton, ka ja miƙaƙƙen layi daga gefen gaba zuwa gefen baya a kan ɗaya daga cikin layukan ɗinki. In zurfin ya wuce tsakiya ya koma baya, kuma ka ƙara jan igiyar ɗagawa bai dawo ba, ƙyallen ya gama aikinsa.

Sai gwajin yadi da zare, wanda a ƙasarmu ya fi muhimmanci. Rana ta fi iska cin ƙyalle, ranar Sakkwato kuwa ba ta wasa. Ka kankari layin ɗinki da farcen babban yatsa, musamman ta gefen baya da can sama, inda rana ta fi duka. Zaren da ya tsinke ko ya yi gari ya mutu. Sa'an nan ka soka allura a yadin ka ja ta gefe da ɗan ƙarfi. Lafiyayyen yadi zai riƙe ta, wanda rana ta dafa zai tsage kamar takarda. In zare ne kawai ya mutu yadi na da ƙarfi, a sake bin layukan ɗinki duka, ka ci gaba da aiki. In yadi ne ya ruɓe, kada ka zuba kuɗi a faci, sabon ɗinkin ma shi zai buɗe hanyar sabuwar yagewa.

Kafin ka yanke wa ƙyallen hukunci, duba abu biyu masu arha. Na farko, igiyar da aka ɗinke cikin gefen gaba, wadda ke shiga ramin sandar tsaye, takan tsuke da tsufa, ta tattare yadin ya zama buhu. Ana warware ɗinkin da ya kama ta a kusurwar ƙasa, a miƙe yadin, igiyar ta zame sama, a cike giɓin da sabon guntu. Na biyu, siraran sandunan da ake zurawa aljihunan gefen baya. Jirgin hannu sau da yawa yakan zo babu su, ko ɗaya ta karye a ciki, kuma in babu su gefen baya lanƙwashewa yake yi.

In kuɗinka ba zai isa canza ƙyallen biyu lokaci ɗaya ba, ka fara da wanda ya fi faɗuwa a gwaji. Yawanci na gaba ne, saboda shi ke shan kaɗawa da gugar sanda da wayoyin ƙarfen da ke riƙe ta duk lokacin da aka juya jirgi.

Tambaya: Ni dai na riga na yanke shawarar canza ƙyallen jirgina. Akwai mai ɗinkin tamfol da rumfar Keke Napep a unguwarmu, hannunsa na da kyau. Ina so in kai masa tsohon ya shimfiɗa ya yanka irinsa. Wani aboki ya ce in yi oda daga waje. Wanne za ni bi? Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Alhaji, duk wanda za ka bi, kada a shimfiɗa tsoho a yanka irinsa. Tsohon ya miƙe, wani gefen ya ƙara tsawo, wani ya tsuke. In aka kwafe shi, ka sayi ciwon jiya da kuɗin yau. Ga kuma babbar matsala: ƙyalle mai ciki ba ya kwanciya daidai a ƙasa. Tela zai danne shi ya zana kewayensa, ya yanko maka shimfiɗaɗɗen zane marar ciki, ko mai ciki a inda bai kamata ba. Tsohon yana da amfani wajen ganin irin zobba da aljihuna da yadda yake kama sanda, amma awo daga jikin jirgi ake ɗaukarsa.

Ga yadda ake awon. A tsayar da sanda yadda take zama a ruwa. A ɗaura bakin tef, na ƙarfe ko na faiba wanda ba ya miƙewa, a igiyar ɗagawa, a haɗa da wata siririyar igiya don a iya jawo shi ƙasa, a ɗaga har ƙarshe. A karanta tsawon zuwa inda sandar kwance ta haɗu da ta tsaye: iyakar gefen gaba ke nan. Tef na nan a sama, a karanta zuwa ƙarshen sandar kwance, bayan an riƙe ta a tsayin da ba za ta doki kan mai tuƙi ba: gefen baya ke nan. Sai tsawon sandar kwance daga bayan sandar tsaye zuwa inda igiyar jan kusurwa ta ƙare. Ƙyallen gaba kuma, a auna tsawon wayar da yake hawa, da nisan gindin wayar zuwa sandar tsaye, da inda zoben da igiyarsa ke bi yake a bisa jirgi. Wannan na ƙarshen mutane na mantawa da shi, alhali shi ke nuna tsayin da kusurwar baya za ta zauna. A auna faɗin ramin sandar tsaye da milimita, don igiyar gefen ko 'yan maƙalan su shiga daidai. A ba mai ɗinki iyakar awon, a gaya masa cewa iyaka ce, shi zai rage 'yan santimita don a sami wurin ja idan yadi ya miƙe. Ƙyallen da ya cika sanda fal tun yana sabo, bayan damina ɗaya ba za ka iya tsuke shi ba.

Yadin da ya dace da ƙaramin jirgi shi ne saƙaƙƙen foliyesta, wanda aka fi sani da Dacron, mai nauyin oza 4 zuwa 5 a ma'aunin masu wannan sana'a, wato giram 170 zuwa 215 a kowace murabba'in mita. Nailan miƙewa yake yi, wurinsa babban ƙyallen balan-balan na bin iska kawai. Masu sheƙi da ake mannawa falle-falle da gam don tsere ake yin su, sun fi tsada, kuma zafi da naɗi na saurin ɓamɓare su. A ra'ayinmu ba su da wurin zama a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.

To, wa zai ɗinka? In jirginka sanannen samfuri ne mai suna da lamba, kamfanonin wannan sana'a, irin su North Sails da Quantum da Doyle, ko Rolly Tasker da ke ƙasar Tailan, galibi suna da awon samfurin a ajiye. Duk da haka ka auna naka ka aika, don tsohon mai jirgin yana iya canza sanda. Masu jirage a Legas, inda kulob ɗin masu jiragen iska yake tun 1932, su ne za su fi sanin wanda ke da saura ko na hannu mai kyau. Kamfanin kirki ana gane shi da tambayoyinsa: a wane ruwa kake tuƙi, yaya ƙarfin iskar wurin, mutum nawa ke shiga, yawo ne ko tsere. Zai aiko da takardar awo, ya nemi hotuna. Wanda ya faɗi farashi bai tambayi komai ba, ka yi hattara da shi. Kai ma ka nemi a rubuta maka sunan yadin da nauyinsa, irin zaren, layin ɗinki nawa a kowace haɗa, falle nawa a kusurwa, ko akwai layin rage ƙyalle, da abin da za a yi in ya zo bai shiga ba. Kuma ka lissafa kuɗin jigila da na kwastan tun farko, don su ke mayar da arha tsada.

Mai ɗinkin unguwa ba abin rainawa ba ne, amma sai da sharaɗi. Dole kekensa ya iya ɗinkin zigizag. Miƙaƙƙen ɗinki ba ya bin yadi idan ya miƙe, sai ya tsinke, ko ramukan allurar da ke jere su zama layin yagewa. Zare ya zama na foliyesta mai jure rana, lamba V-69 da allura 16 ko 18, ko V-92 da allura 18 ko 20. Zaren auduga ruɓewa yake yi, na nailan kuma bai kai foliyesta jure rana ba. Fallayen yadi a jera su a kwance, layukan haɗa su faɗo a tsaye kan gefen baya, saboda ta nan ne nauyi ya fi bi, kuma yadi ya fi ƙin miƙewa in an ja shi bisa layin zarensa, ba a karkace ba. Haɗa ta hau juna santimita 1.5 zuwa 2, a manne da tef mai gam fuska biyu kafin a ɗinka don kada ta zame. A yanka da wuƙa mai zafi ta narkar da baki, in ba haka ba zai yi ta zarewa. Kowace kusurwa ta sami ƙarin falle uku zuwa biyar, kowane ya fi na samansa girma, don nauyi ya bazu. Zobba na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. In telan ya ji wannan ya ce ai duk ɗinki ɗinki ne, ka bar masa aikin jaka da murfi.

Abu ɗaya da muka fi kowa dacewa da shi a Sakkwato: fata. Dukawanmu za su lulluɓe kusurwoyi da wuraren guga da jar fata, da basilla da zare mai kakin zuma, aikin da a waje ake biyan kuɗi mai yawa a kansa.

Tambaya: Mu masunta ne, kwale-kwalen katako gare mu, tsawonsa ya kai mita 7. Man inji ya yi tsada, muna haɗa buhunan taki mu ɗaura a gora in iska na bayanmu. Ba ya wata uku ya wargaje. Mi ya fi buhu, wanda ba sai an yi oda ba? Daga wani mai karatu, Wurno.

Amsa: Sannunku da aiki. Buhun taki leda ce da ba a yi ta don zaman rana ba, shi ya sa take zama gari. Tamfol na leda mai kauri ya fi shi nesa ba kusa ba. Ku nemi fari ko mai ruwan azurfa, mai nauyin giram 150 zuwa 200 a murabba'in mita. Shuɗin nan marar nauyi ɗan'uwan buhu ne. Ku yanke bakinsa da zobban da ya zo da su ku yar, ba a yi su don ja ba.

Girma shi ne abin tsoro. Kwale-kwale siriri ne, ba shi da nauyi a ƙasa da zai tayar da shi in ya kwanta. Murabba'in mita 3 zuwa 4 ya isa, kuma gajere mai faɗi ya fi dogo, don duk yadda ƙyalle ya yi sama haka yake ƙara ƙarfin kifar da jirgi. Ku riƙe wannan lissafin: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Iskar kilomita 20 a awa na danna kusan kilo 2 a kowace murabba'in mita, ta kilomita 40 kusan kilo 8. Ƙyalle mai murabba'in mita 4 da ke jan ku a hankali da safe, in iskar hadari ta taso zai zama kamar an rataya fiye da kilo 30 a saman gora ana ja gefe, kuma iskar hadari takan wuce haka.

Don a ba shi ciki, a shimfiɗa tamfol a daɓe, a zana siffar da zare da ƙusa, sa'an nan gefen da zai bi gora a yi shi da ɗan tudu waje maimakon miƙaƙƙe. A ƙyalle mai faɗin mita 2, ƙarin santimita 5 ya isa ya ba da zurfin kusan santimita 20 idan aka ɗaure gefen a miƙaƙƙiyar gora. Siririyar gwangwala da aka tanƙwara ita za ta ba ku layin tudun sumul. Gefen baya kuwa akasin haka: a ɗan rarake shi ciki, kamar santimita 4 ko 5 a tsawon mita 3, don kada ya riƙa kaɗawa. Kaɗawar nan ita ke fara cinye tamfol. A naɗe baki santimita 4 da igiya mai kaurin milimita 5 ko 6 a ciki, a ɗinka da manyan taku, don ƙananan taku na huda leda su raunana ta.

Ba tare da allo a cikin ruwa ba, kwale-kwale bin iska kawai zai yi, ko ya ɗan karkata kaɗan. In kuna son ratsa iska ta gefe, sai an rataya faffaɗan allon katako a gefen da iska ke turawa, ya nutse kamar rabin mita ko fiye, shi zai hana jirgi zamewa.

Igiyar da ke riƙe kusurwar baya a hannu take zama, ba a ɗaure ta a jirgi ko a naɗe ta a hannu. Iska ta buga, a saki. A farkon damina da ƙarshenta hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa kuma takan riga ruwan sama isowa, don haka da ganin gabas ta haɗe a sauke ƙyalle da gorar gaba ɗaya. Rigar ruwa ga kowa, kuma ban da lodin da ya wuce kima. Hatsarin jirgin 'yan kasuwar Goronyo na watan Agustan 2025 bai yi nisan da za a manta ba, kuma hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare.

Tambaya: Ɗana ya samu ɗan jirgin mutum ɗaya mai suna Laser. An ce sai ƙyallen kamfani mai tambari, kuma tsadarsa ta ba ni tsoro. Dole ne? Daga wata mai karatu, Arkilla.

Amsa: Hajiya, tambarin don shiga gasa ne kawai. Akwai na atisaye masu awo iri ɗaya da suka fi arha sosai. Abin lura shi ne girma, domin Laser na da uku: babba mai murabba'in mita 7.06, matsakaici mai 5.76, da ƙarami mai 4.7, kuma kowanne da irin guntun sandarsa na ƙasa. A duba wanda ke jirgin kafin a saya. In yaron bai cika nauyi ba, ƙaramin ya fi masa, babban zai yi ta kifar da shi.

Tambaya: Na ajiye ƙyallena a shago tun bara, na buɗe na tarar da ɓera ya huda shi wuri biyu, ga baƙaƙen ɗige-ɗige. Yana gyaruwa? Daga wani mai karatu, Kware.

Amsa: Yana gyaruwa, Malam, in hujin bai kai kusurwa ko bakin ƙyalle ba. A gyara bakin hujin da wuƙa mai zafi, a yanko faci daga yadi iri ɗaya mai nauyi ɗaya, wanda ya zarce hujin da santimita 3 zuwa 4 ta kowane gefe. Zaren saƙar facin ya bi layi ɗaya da na ƙyallen, in ba haka ba za su miƙe daban-daban wurin ya tattare. A manne, a zagaye da zigizag sau biyu. In hujin na kusurwa ne, sai an warware fallayen wurin an sake su.

Ɗige-ɗigen hunhuna ce, alamar an naɗe shi da danshi. A foliyesta muni ne kawai, ba ta cin yadin. A jiƙa a ruwa da sabulu marar kaifi, a goge da buroshi mai laushi, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa. Maganin cire tabo mai kulorin yana lalata nailan nan take, don haka kada ya kusanci ƙyallen nailan ko zarensa. Ƙurar hunturu ma a riƙa ɗauraye ta, don tana shiga tsakanin zare ta yi ta goga. Bayan ya bushe ƙayau, a cire siraran sandunan, a naɗe shi naɗin tabarma maimakon ninki a layi ɗaya kullum, a sa a jaka a rataye a sama ko a rufe a durom mai murfi, nesa da buhunan hatsi. In kuwa dole ya kwana a jirgi, a yi masa murfin yadi mai kauri wanda haske ba ya ratsawa, a ɗaga murfin a rana a duba: in kana hango haske ta cikinsa, a ninka shi biyu.